Gishirin Kakkaɓa

Duk layin in ka ce Na-Tsaye kowa zai nuna maka gidan, amma ba wanda zai yi maka alkawarin za ka same shi a ciki. Mutum ne dogo, siriri, mai saurin tafiya kamar ya ci ƙafar kare. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake cin abinci, ko gaisuwa aka zo yi masa a bakin ƙofa yake amsawa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Matarsa, wadda kowa har shi kansa ke kira Inna, takan ce tun tana amarya ta sa kafinta ya yi masa kujera, kuma har yau kyanwar gidan ce ke morar ta.

Aikinsa zuba wa fata gishiri. A bayan mayanka akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano, ba taga sai 'yan ramuka can sama, daɓen siminti ne da aka ɗan karkata shi don ruwa ya riƙa gangarawa. Nan ake kawo fatun shanu da na awaki da ɗuminsu. Sai a shimfiɗa fata gashi a ƙasa, a kankare sauran nama da kitse, a watsa gishiri da hannu bibbiyu har gefe-gefe, a ɗora wata a kai, a sake. Ba aikin mai nawa ba ne. In aka yi jinkiri zafi ya riga ka, in kuma ka bar wani lungu ko da faɗin tafin hannu ne bai ji gishiri ba, daga nan ruɓa za ta kama, gashi ya fara zuba, fata ta tashi daga aiki. Tun yana saurayi ya shiga ɗakin, kuma aikin ya dace da shi kamar don shi aka yi. Hannayensa duk sun tsattsage sun yi kaushi, warin fata kuwa ya bi jikinsa ya zauna, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura.

Akwai wata ƙa'ida a ɗakin da ba a san wanda ya kafa ta ba. Duk wanda ya juye buhun gishiri, buhun nasa ne, da abin da ya maƙale a kusurwa da bakin ɗinki. Kakkaɓa suke ce masa. Sauran ma'aikata buhun suke so, su kakkaɓe shi a ƙasa su naɗe su tafi. Na-Tsaye kuwa ba ya iya ganin abu yana zuba a banza. Yakan juya kowane buhu a kan wani tsohon faranti, ya bubbuga, ya tattara. Gishiri ne mai manyan ƙwayoyi, ɗan toka-toka, wanda bai taɓa fata ba. In ya kawo gida ya ɗauraye, ya shanya a rana, Inna ta daka, a zuba a wata babbar randa da ke soron shiga gida.

“A gidan nan ba a sayen gishiri,” haka yakan ce, yana ɗaga haɓa kamar wanda ke nuna gona.

Ba a gidan kaɗai ba. Kofi ya riƙa zuwa daga maƙwabta, sannan kwano, sannan ya zama duk layin ba mai tunanin zuwa kanti don gishiri. Randar Na-Tsaye na nan, murfinta ko ɗauri babu. Shi ba mai hali ba ne, bai taɓa samun abin da zai yi wa wani babbar kyauta ba, amma a wannan abu ɗaya hannunsa a sake yake, kuma yana jin daɗin haka har cikin ransa. In ya wuce da yamma ya ji ƙamshin miya na tashi daga gidaje, yakan ji kamar da shi aka yi kowace tukunya. Shekara talatin da wani abu ana haka.

Wuyan Inna ya fara kumbura bayan haihuwarta ta uku. Ba ciwo, ba zazzaɓi, ƙullutu ne kawai a gaban wuya da ya yi ta girma a hankali har ya kai dunƙulen hannu. Maƙoƙo ne, kowa ya san sunansa, kuma ba ita kaɗai ba ce a layin, don haka ba wanda ya ɗaga hankali. Ta koyi yadda ake naɗa mayafi ya rufe shi. Da 'yan matansu biyu suka tasa su ma nasu ya ɗan taso, sai Na-Tsaye ya yanke hukunci, kamar yadda yake yanke komai, a tsaye kuma cikin sauri.

“Gado ne. Wuyan Inna ne suka ɗauko. Ita ta haɗiye ƙwai ta hana mu, su ma suka bi sahu.”

Inna takan harare shi ta ce, “Ai gara ni, an san inda nawa ya tsaya. Kai duk abin da ka ci a hanya yake zubewa.”

Babban ɗansu, mai walda ne, a gidan ya zauna da ya yi aure. Matar daga wani gari mai nisa aka kawo ta, 'yar siririya mai dogon wuya, da wata 'yar sarƙa da ba ta rabuwa da ita. Amarya aka kira ta ranar da ta zo, sunan kuma ya bi ta har bayan amarci ya tsufa. Da ta haifi 'yar fari gidan ya cika da murna, don ba a taɓa ganin jaririya mai haƙuri irin wannan ba. Ba ta kuka. Barci take yi har sai an tashe ta an ba ta nono, ta ɗan tsotsa ta koma. Mata suka yi ta cewa Amarya ta dace, Inna ta ce da nata 'ya'yan haka suke da ba ta tsufa da wuri ba. Na-Tsaye ne ya raɗa mata Shiru-shiru.

Daga baya haƙurin ya fara ba da tsoro. Sa'o'inta suka zauna tana kwance, suka yi rarrafe tana zaune, suka shiga makaranta ita kuwa sai a lokacin tafiyarta ta yi ƙwari. Ga ta da shekara biyar amma in ka gan ta sai ka ce ba ta cika uku ba, fuska a ɗan kumbure, harshe ya yi wa baki nauyi. In tana son abu sai ta kama rigar mutum ta yi ta kallonsa. Ita kaɗai ce a duniya ke iya rage wa Na-Tsaye sauri. Takan riƙe ɗan yatsansa su fita ƙofar gida, shi yana taku ɗaya yana jira, jikinsa duk yana tsuma kamar dokin da aka ja wa linzami, amma ba ya sakin hannun. “Mai nawa ce kawai,” yakan ce. “Duk saurin gidan ni na kwashe, ban rage mata ba.”

Amarya ta sake samun ciki, kuma a daidai lokacin ne sarƙar nan ta ƙi ɗauruwa. Da ta je awo, malamar asibiti ta shafa wuyanta, ta sa ta haɗiyi miyau, ta juya ta daɗe tana kallon Shiru-shiru da ke jingine da benci, sannan ta tambaye ta wane irin gishiri suke ci a gida. Amarya ta dawo da ƙwayoyin magani da magana mai nauyi a bakinta. Na-Tsaye surukinta ne, ko ido ba ta haɗawa da shi. Sai ta gaya wa mijinta.

Mai walda ya riƙe kai. “Ni ne zan je in ce wa Baba gishirinsa ne? Ki ce in sa hannu a wuta mana, ya fi sauƙi.”

Abin da ya iya yi shi ne ya sayo gishirin leda a ɓoye. Amma tukunya ɗaya ake yi a gidan, Inna ce kuma ke zuba gishiri. Sai Amarya ta ce cikin nan ya hana ta cin abincin kowa, ta koma girki a ɗakinta da ɗan risho. Inna ta taɓe baki, ta ce cikin 'yan zamani ne, ta ƙyale ta.

Da a wani gida ne da asirin ya daɗe. Amma mutumin da ba ya iya zama, in ya rasa abin yi shara yake yi. Wata ranar hutu da la'asar Na-Tsaye ya ɗauki kwandon shara zai zubar, sai ga ledar gishiri a ciki, an yanke bakinta da almakashi, ba komai a ciki. Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ya tsaya a tsakar gida ya kira ɗansa.

“Wannan fa?”

Mai walda ya sunkuyar da kai. “Baba, a asibiti ne suka ce…”

“Suka ce me? Randa ta ƙare ne? Ko nawa ne ya zama ƙazanta? Da shi aka raine ka, ga ka nan ƙato kana lanƙwasa ƙarfe. Duk layin nan suna ci suna godiya, sai a cikin gidana za a sayo na kanti a ɓoye kamar ana sayen giya?”

“Sun ce akwai wani abu da babu a cikinsa. Shi ne wai ke kawo maƙoƙo.”

“Maƙoƙo gado ne. Kalli uwarka, kalli ƙannenka.”

Ya fara kai-komo daga bakin rijiya zuwa bakin soro, ledar na hannunsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don gishirin kaɗai ba, don an ɓoye masa ne kamar wani mugu. Sai ga muryar Amarya daga bayan labulen ɗakinta. Tun da ta zo gidan ba ta taɓa yi masa magana mai tsawon da ya wuce gaisuwa ba.

“Baba, ka yi haƙuri. Ni ba 'yar Inna ba ce. Uwata ba ta da shi, kakata ba ta da shi, duk danginmu ba mai shi. A gidan nan na same shi.” Ba ta tsaya nan ba. “Sun ce abin da ya kumbura mini wuya shi ne ya taɓa Shiru-shiru tun tana ciki. Ban sani ba ko gaskiya ne. Amma wannan da ke cikina ba zan gwada da shi ba. In zai zama raini, gara in koma gidanmu har in haihu.”

Inna ta kai hannu ta gyara mayafinta. Na-Tsaye ya yar da ledar, ya fice, ya yi ta tafiya har ya wuce mayanka, ya wuce tasha, ya kai inda gidaje suka ƙare, ya juyo. Amsar da yake nema bai same ta a hanya ba. Gado ya sani, amma bai taɓa jin an gaji uwar miji ba.

Washegari a wurin aiki ya bar gefen wata fatar sa ba gishiri, abin da bai taɓa yi ba, har abokin aikinsa ya taɓa shi ya nuna masa. Kafin azahar ya wanke hannu, ya ƙulle gishirinsa a ƙyalle, ya nufi asibiti. Ba tambaya ya je yi ba, faɗa ya je yi.

Ɗakin awo cike yake da mata masu ciki a jere a kan bencina, fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Shi kaɗai ne namiji, ga warin fata, matan suka yi ta toshe hanci da gefen mayafi. An nuna masa wuri ya ƙi zama. Ya karanta duk hotunan da ke bango, ya leƙa taga, ya dawo, ya sake leƙawa, har malamar ta gaji da ganin inuwarsa na wucewa ta ƙofa ta ce a shigo da dattijon nan kafin ya huda musu daɓe.

Mace ce mai jiki, gajiya a fuskarta, ba ta da lokacin zagaye-zagaye. Ya kwance ƙyallen a kan teburinta.

“Ga shi. Ki duba ki gaya mini dattin da ke ciki. Da hannuna nake wanke shi.”

“Baba, wa ya ce da datti?” Ta jawo faranti, ta zuba nasa a gefe ɗaya, ta zuba na leda a ɗaya gefen. Ta ɗauko wata 'yar kwalba ta ɗiga wa kowanne. Na ledar nan take ya rine ya koma shuɗi mai duhu. Nasa ya jiƙe kawai, ya zauna fari yadda yake.

“Ƙara masa,” in ji Na-Tsaye.

Ta ƙara. Bai canza ba.

“Gishirinka tsaf yake,” ta ce. “Ba abin da aka sa masa, matsalar ke nan. Akwai wani sinadari, aidin, ɗan kaɗan jiki ke so, amma dole ne. A wasu wurare yana cikin ƙasa da ruwa, yana shiga abinci da kansa. Mu nan ƙasarmu ba ta da shi sosai, kifin teku kuma ba ya iso mu. Shi ya sa ake zuba shi a gishirin ci. Na fata ba a sa masa, fata ba ta da wuya. In jiki ya rasa shi, wani abu da ke nan gaban wuya sai ya yi ta kumbura yana nema. Babba yakan sha da kumburi da kasala. Amma ɗan da ke ciki da shi ake gina masa ƙwaƙwalwa.”

Na-Tsaye ya kalli farantin.

“Jikata fa? Babbar.”

“Ba zan rantse maka cewa shi kaɗai ne ba, sai likita ya auna jininta. Akwai magani, zai taimaka mata ta ƙara girma, jikinta ya ɗan saki. Amma abin da aka rasa tun a ciki ba ya dawowa duka. Ba zan yi maka ƙarya ba.”

“Na cikin fa?”

“Cikin bai yi nisa ba. In uwar ta sha maganinta, aka canza gishiri yau, ba gobe ba, muna sa rai.”

Ya ɗaure ƙyallensa, ya fita ko sallama bai yi ba.

Hanyar gida ita ce wadda ya saba bi kullum, amma ranar kamar an canza masa idanu. Mai wanki ta gaishe shi, ya ga wuyanta. Matar mai gyaran keke ta fito zubar da ruwa, ya ga nata. 'Yar mai kanti, yarinyar da aka haifa a gabansa, ta wuce da tulu, mayafinta ya zame, ga shi nan ya fara tasowa. Shekara da shekaru yana wuce su da sauri, wuyan nan duk suna nan, bai taɓa tsayawa ya haɗa su wuri ɗaya ba. Tsoro ya kama shi, da wata kunya mai zafi da bai taɓa jin irinta ba.

Yana shiga soro ya ɗauko buhu ya fara kwashe randar. Inna ta fito ta tsaya a kansa.

“Lafiya? Ina za ka kai shi?”

“Inda ya fito. Fata ce mai shi.”

“Shekara talatin muna ci…”

“Shi ya sa.” Ya ɗago ya kalli wuyanta, kallon da bai yi ba tun suna da ƙuruciya. “Na yi ta yi miki dariya a kansa, Inna.”

Ta ce, “To ai ni ma na yi dariyar. Matsa in riƙe maka bakin buhun.”

Da ya gama ya je ƙofar ɗakin Amarya, ya tsaya nesa da labule, ya yi gyaran murya. “Ki fito da rishon nan, hayaƙi ba shi da kyau ga mai ciki. Daga yau naki za a riƙa zubawa a tukunya.” Bai jira amsa ba, don da ya jira da ya ji kukanta, shi kuma ba shi da inda zai sa shi.

Saura layi. Ba da kyauta abu ne mai daɗi, amma a ce mutum ya bi gida-gida da buhu yana karɓar abin da ya bayar, wannan sai wanda ya yi ya san nauyinsa. Ya fara daga gidan mai wanki. Tsohuwar ta saurare shi har ya gama, ta riƙe haɓa.

“Yau na ga abin da ya ishe ni. Kai Na-Tsaye, tsufa ne ko talauci? Ka ba ni abu da hannunka ka dawo ka ce in fito da shi?”

“Gwaggo, ba rowa ba ce. Shi ne ya kumbura miki wuya.”

“Wuyana tun kana yawo ba wando yake haka.”

Ƙarya take yi, ta girme shi da kaɗan ne kawai, amma ta shige ta ja ƙofa. Mai gyaran keke ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ko masu gishirin leda ne suka ɗauke shi talla. Wani ya ce wa ya sani ko guba ce ya yi ta ba su, yanzu asiri zai tonu yake son ɓatar da shaida. Wannan ta yi masa ciwo, amma ya haɗiye, ya maimaita abin da malamar ta ce, ya wuce gida na gaba. A wani gida kuwa matar ta saurare shi. Ta waiga ta kalli 'yarta mai tsohon ciki da ke zaune a tabarma, ta shiga ta ɗauko gwangwanin gishirin ta juye masa a buhu, ta bubbuga gindin gwangwanin.

Bai tsaya a zagaye ɗaya ba. Ya san mutanensa, ya san akwai masu ɓoyewa a bayan tukwane don kada su sayi na kanti. Ya koma, ya sake komawa, har mata suka fara cewa ga dubagari nan in sun hango shi. Waɗanda a da suke tare shi da fara'a suka koma amsa gaisuwarsa a gajarce. A wurin aiki kuwa in ya juye buhu sai ya kakkaɓe shi a kan fata har ƙwayar ƙarshe, ya hana kowa ɗiba. Randar soro Inna ta wanke ta ta mai da ita ta ruwa.

Watannin cikin nan ba wanda ya huta a gidan. Kunya ba ta barinsa ya tambayi Amarya kai tsaye, sai ya addabi Inna. Ta sha maganin? Kin gani da idonki? Yaushe ne awo? Yau ya shigo da ƙwai, gobe madara, jibi busasshen kifin da aka ce masa na teku ne, wanda ya ratsa gari kafin ya samo. Shi ya riƙa kai Shiru-shiru wurin likita a kafaɗa, shi ke tuna lokacin maganinta. In ya kalli cikin Amarya daga nesa sai ya rasa abin yi, ya ɗauki tsintsiya ya share inda ya riga ya share. Inna ta ce in haihuwar nan ba ta zo da wuri ba, tsakar gida za ta zama rijiya.

Da hantsi aka haihu, mace. Yana bakin ƙofar asibiti yana zagaya wata bishiya aka fito aka gaya masa. An auna jinin jaririyar aka ce lafiya lau. Ya ji, ya yi godiya ga Allah, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don waccan ma ai lafiya lau aka ce. Sai ya kafa mata ido. In ta yi barci ya ɗan yi tsawo, ya je ya tsaya a taga yana tari da gangan har ta farka ta tsala ihu, Inna ta biyo shi da muciya. Yakan tafa hannu a bayanta ya ga ko za ta waiga. Yakan tambayi matan layi, har waɗanda ke fushi da shi, a wata nawa nasu suka zauna. Yarinyar kuwa ta zo da rigima, ba ta raga wa kowa ba. Ta zauna a kan lokaci, ta yi rarrafe ta shiga duk inda aka hana ta, ta fasa wa Inna kofuna. Rigima aka sa mata, kuma ta ci sunanta.

Shiru-shiru ma magani ya yi mata rana. Ta ƙara tsawo, kumburin fuskar ya sauka, takan yi dariya in an yi mata wasa. Magana ce dai ta tsaya mata a 'yan kalmomi, su ma sai wanda ya saba da ita ke ganewa.

Wata rana da yamma, Rigima na da shekara biyu da 'yan watanni, Na-Tsaye ya dawo daga aiki yana wanke hannu a bakin rijiya. Shiru-shiru ta zo ta kama rigarsa tana kallonsa. Ya tambaye ta ko yawo take so, ta yi shiru. Ya nuna mata abinci, ta kau da kai. Ya duba aljihu ko alewa take nema, ba ita ba ce. Bakinta na motsi, abin ya ƙi fita, idanunta suka fara kawo ruwa. Sai ga Rigima ta taho da gudu, ba riga, ta tsaya tsakaninsu ta ɗaga kai.

“Kaka, Yaya ƙaya ce ta soke ta. A ƙafa. Ka cire mata.”

Tar ta faɗe shi, kalma bayan kalma, ba wadda ta ɓata. Abin da ya yi shekara biyu yana jira ke nan, ga shi ya zo, kuma daɗin da baƙin cikin suka shigo masa tare har ya rasa wanda zai fara ji. Ƙanwa ce ke yi wa yayarta baki. Amarya da ke tankaɗe a ƙofar ɗaki ta tsaya da hannu a cikin rariya, ba ta ɗago ba.

Ya durƙusa ya ɗaga ƙafar Shiru-shiru. Ƙayar na nan a dudduge, ta shige sosai, wurin har ya yi ja, da alama tun safe take yawo da ita. Yatsunsa sun yi kaushi da yawa, ba za su iya kama ta ba, idanunsa kuma ba sa gani da kyau a lokacin.

“Je ki ce wa Inna ta ba ki allura,” ya ce wa ƙaramar.

Ta ruga da gudu tana kiran Inna, shi kuma ya ci gaba da riƙe ƙafar.